Amsa: hasken garin Kaduna da madubin kallon taurari

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce kana Tudun Wada, ka ga madubin hangen nesa an rubuta 675x a kwalinsa, wato wai yana ƙara girman abu sau 675, kana tambaya ko ka saya, ko kuwa fitilun gari za su sa ka yi asarar kuɗinka. Na ɗan jima ina wannan harka a saman benenmu da ke Kawo, bari in gaya maka abin da na gani da idona.

Ka bar musu mai 675x ɗin nan. Irinsa na fara saya, ƙafafunsa kamar sillen kara, ko numfashi ka yi da ƙarfi sai wata ya hau rawa a ciki. Abin dubawa shi ne faɗin bakin madubin, don shi ke tara haske. Ninka faɗin nan na milimita sau biyu, to iyakar girman da zai ba ka a fili ke nan. Mai baki milimita 60 ba zai wuce sau 120 ba, sauran romon baka ne. In kuɗin bai kai ba, madubi mai ido biyu, 10x50 (mai ƙara girma sau 10, baki milimita 50), ya fi shi sau dubu. Da shi za ka ga Kaza da 'ya'yanta sun wuce shida ko bakwai ɗin da ido ke ƙirgawa, sun zama tuli.

Shi kuwa hasken gari, ba komai yake cinyewa ba. Wata, Zara, Mushtari (Jupiter) da Zuhal (Saturn, mai zobe) ba ruwansu da fitilar solar layinku. Mushtari za ka gan shi da 'yan watanninsa huɗu a jere kamar an ɗiga su da allura, gobe ka dawo sun sauya wuri. Su ne masanin taurari Galileo ya hango a 1610. Zoben Zuhal ya juyo mana gefensa a Maris na 2025, daga nan yake sake buɗewa a hankali. Wata kuma kada ka jira daren sha huɗu, kashe ido kawai yake yi. Nemi na kwana bakwai ko takwas, ka bi bakin da haske ya haɗu da duhu, nan ramuka da duwatsu ke fitowa har da inuwarsu. Waɗanda fitila ke ɓatarwa su ne taurari masu dushi-dushi.

A ganina ma hazo ya fi fitila cutar da mu. Daga Disamba zuwa Fabrairu babu girgije, amma ƙura ta tokare sama, hasken gari ya daki ƙurar ya dawo. Dararen da na fi morewa su ne na bayan an ɗauke ruwa, musamman ƙarshen damina wajen Oktoba, sama ta wanku tas. Kuma in ƙura ta hau gilashin, hure ta za ka yi da ɗan famfon roba. Ni da bakin riga na goge nawa, zanen yana nan har yau.

Ranar da aka ɗauke wuta, fito da sauri. Ido na buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kallon waya sau ɗaya ya rushe shi, don haka sa Stellarium ɗinka, manhajar nuna taurari, a jan haske.

Kada ka taɓa auna rana da madubin, makanta ce nan take. Ka hana yara ma. Shiga daji da dare neman duhu kuwa, da halin da hanyoyinmu ke ciki, ban ba ka shawara ba.

Sai maƙwabta. Bututu a kan ƙafa uku a saman bene, an san abin da mutane za su zata: ko makami, ko leƙen gidajen jama'a. Wani dattijo ya taɓa yi min sallama fuska a murtuke kan haka. Na ce, "Baba, bismillah, hau ka duba." Ya ɗora ido a kan Zuhal, ya yi shiru, can ya ce, "Subhanallah, ba hoto ka liƙa a ciki ba?" Kai dai ka sanar da mai unguwa da 'yan sintirin layinku tun kafin ka kafa naka.