Tambayoyinku Kan Fasaha: Kwamfuta Ta Jera Manazarta, Malami Ya Dawo da Kundi da Jan Biro

Da zarar lokacin miƙa kundin kammala karatu ya gabato, tambayoyin wannan fili sukan bar batun batir da fasasshen gilashin waya su koma kan manazarta, wato jerin littattafai da maƙalun da ɗalibi ya dogara da su. Wannan makon ma haka aka yi.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina shekarar ƙarshe a KNUST, Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Malamin da ke duba kundina ya ce in bi tsarin rubuta manazarta na APA bugu na bakwai. Na shiga sashen References na Word na zaɓi APA, amma ya dawo mini da shafukan manazarta da jan biro daga sama har ƙasa. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Aboabo.

Amsa: Ɗan'uwa, koma wurin da ka zaɓi APA ɗin ka duba ƙananan rubutun da ke ƙarƙashinsa. Za ka ga bugu na shida ne. Bugu na bakwai ya fito tun watan Oktoban 2019, amma wanda ke zuwa cikin Word na kwamfuta bai sauya ba. Bambancin ba shi da yawa, sai dai duk a wuraren da idon malami ke fara sauka yake.

A bugu na shida ana rubuta garin da aka buga littafi kafin sunan maɗaba'a. A na bakwai an cire garin. Ga misali da littafin da aka rubuta kan Zangon Kumasi ɗin nan namu: Schildkrout, E. (1978). People of the zongo: The transformation of ethnic identities in Ghana. Cambridge University Press. Sunan littafin a karkataccen rubutu yake zuwa, kuma ka lura babban baƙi yana farkon suna ne, da bayan ruwa biyu, da kan sunan ƙasa kaɗai.

Sai batun marubuta da yawa. A da, idan mutum uku zuwa biyar suka rubuta maƙala, sai ka jero su duka a ambaton farko cikin rubutu. Yanzu daga uku zuwa sama, sunan na farko kawai za ka sa, ka bi shi da et al., wato da sauransu, tun daga karon farko. A jerin ƙarshe kuwa abin ya juya: da ana tsayawa a bakwai, yanzu har mutum 20 ake rubutawa. Lambar DOI, wato lambar shaidar maƙala a intanet, kuma ta koma cikakken adireshi mai farawa da https://doi.org/, an kuma daina sa Retrieved from gaban adireshin intanet, in ba shafin da abin cikinsa ke sauyawa kullum ba.

Idan madogaranka ba su wuce talatin ba, kada ka sake aiki daga tushe. Danna kan jerin, ka zaɓi Convert bibliography to static text, ya zama rubutu na yau da kullum, ka gyara da hannu. Bayan haka ka haskaka jerin gaba ɗaya ka danna Ctrl da T. Wannan ne ke sa layin farko ya tsaya a gefe, sauran layukan su shiga ciki da rabin inci, santimita 1.27 ke nan. Ctrl da 2 zai ba ka tazarar layi biyu. Maɓallin nan mai A da Z da kibiya a sashen Home shi zai jera su bisa haruffa. Masu tura layi da sifes ko Tab suna wahalar da kansu ne a banza, don da an buɗe fayil ɗin a wata kwamfutar da ba ta da irin haruffanka, komai zai watse.

Kafin duk wannan, ka nemi takardar ƙa'idar rubuta kundi ta sashenku. 'Yan injiniya sukan bi IEEE mai lambobi, 'yan likitanci da jinya Vancouver, wasu sassan kuma Harvard. Abin da sashe ya rubuta shi ne hukunci.

Tambaya: Ina digiri na biyu, madogaraina sun haura ɗari. An ce in sauke Zotero, manhajar adana madogara da jera manazarta. Kyauta ce da gaske? Kuma yaya ake haɗa ta da Word? Daga wata 'yar'uwa a Asawase.

Amsa: Kyauta ce, 'yar'uwa, kuma ga mai aiki irin naki ita zan zaɓa. An fara ta a Jami'ar George Mason ta Amurka a 2006. Ki sauke ta daga zotero.org kaɗai, ki kuma ɗora ɗan abin da ake kira Connector a kan burauzarki, Chrome ko Firefox ko Edge. Idan kin rufe Word kin sake buɗewa, za ki ga sabon sashe mai suna Zotero a sama.

Shigar da madogara hanya biyu ce mai sauƙi. Idan kina kan shafin maƙala, ki danna alamar Connector, sai ta ɗauko sunan marubuci da shekara da mujalla, wani lokaci har da PDF. Idan littafi ne a hannunki, ki danna alamar nan mai kama da sandar dabo ki rubuta lambar ISBN da ke bayan bango, ko DOI idan maƙala ce. A cikin Word, Document Preferences ne wurin zaɓar APA na bakwai, Add/Edit Citation na sa ambato inda kika tsaya, Add/Edit Bibliography kuma na zubo jerin a ƙarshe. Ranar da malami ya ce a koma Harvard, sauyi ɗaya a Document Preferences ya wadatar.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Zotero ba ta san daidai ba, abin da aka ba ta take jerawa. Ɗauki rahoton ƙidayar jama'a ta 2021. Marubucinsa hukuma ce, Ghana Statistical Service. Idan sunan ya shiga gurbi biyu kamar sunan mutum, a jerinki zai fito Service, G. S., kamar wani bawan Allah ne mai suna Service. Kusa da gurbin marubuci akwai ɗan maɓallin da ke mayar da shi gurbi ɗaya, shi ne maganin. Haka laƙabi: Alhaji, Malam, Shaihu, Dokta, Nana, babu wanda ke shiga manazarta. Sunayenmu na Musulmi kuma sukan rikita injin, ya ɗauki sunan yanka ya mai da shi sunan mahaifi. Ki duba yadda marubucin ya rubuta sunansa a shafin farko, ki bi na ƙarshe. Sunan Akan mai karan ɗori irin Owusu-Ansah a haɗe yake tafiya, ba a raba shi. Idan taken maƙala ya zo da manyan baƙaƙe, ki danna dama a kansa ki zaɓi Sentence case, sannan ki mayar wa Ghana da Kumasi da Islam babban baƙinsu da hannu, don su ma za ta ƙanƙanta su.

Duk gyara a cikin Zotero ake yi, sannan a danna Refresh a Word. Wanda aka yi kai tsaye a kan jerin bai da tabbas.

Ki buɗe asusu ki kunna Sync tun ranar farko. Bayanan madogara ba su da iyaka, amma wurin ajiye PDF na kyauta megabayit 300 ne, yana cika da wuri. In ya cika ba dole ki biya ba: ki kashe aika fayiloli, ki riƙa kwafe su a filashi. Da ɗaukewar wuta da satar laftop, wanda bai yi haka ba yana wasa da shekararsa. Kada kuma ki buɗe kundin a WPS ko wata manhajar waya ki yi ajiya a kai, don hakan na iya tsinke mahaɗin ambaton, su koma rubutu kawai. In za ki kai bugu Tech Junction ko Ayeduase da ke kusa da KNUST, ki yi kwafi na biyu, ki danna Unlink Citations a kansa, ki mai da shi PDF. Na asalin ya zauna a gida.

Tambaya: Ni ba ni da laftop, a waya nake rubutu. Akwai dabara?

Amsa: Akwai. Buɗe zbib.org a burauzar wayarka, ba ya neman rajista. Liƙa DOI ko ISBN ko adireshin shafi, zaɓi tsarin da ake so, ka kwafe abin da ya fito. Amma a cikin burauzar yake ajiye jerin, ranar da ka share tarihinta don samun wuri a waya, jerin ya tafi. Saboda haka kullum ka kwafe shi zuwa Google Docs. Maɓallin Cite na Google Scholar ma yana taimakawa, sai dai yakan bar DOI, wani lokaci har lambar shafi, don haka a gwada shi da maƙalar kanta. Shigar da layi da jerawa kuwa, ka bari sai ka samu awa guda a kan kwamfuta.

Tambaya: Na roƙi ChatGPT ya ba ni maƙalu goma kan tarbiyyar yara a Zango. Ya ba ni har da shekara da shafi. Malamina ya ce ya nemi huɗu bai gan su ba. Daga wani ɗalibi a Tafo.

Amsa: Mai yiwuwa babu su ne a duniya. Irin wannan manhaja kalmomi take harhaɗawa bisa abin da ya fi kama da daidai, sai ta ɗauki sunan malami na gaske da mujalla ta gaske ta ƙaga take a tsakaninsu. Ba ɗalibai kaɗai abin ya ci ba. A watan Yunin 2023 wani alƙali a New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kawo wa kotu shari'o'in da ChatGPT ya ƙirƙira.

Ka bi goman nan ɗaya bayan ɗaya. Rubuta doi.org/ ka bi shi da lambar, wadda kullum da 10 take farawa. Idan ta ce ba a samu ba, ko ta kai ka wata maƙala daban, ka goge. Wadda ba ta da DOI, ka sa takenta cikin alamar zance a Google Scholar ko search.crossref.org. Wadda ta tabbata akwai ta ma, sai ka buɗe ka karanta, don sau da yawa maƙalar na nan amma ba ta faɗi abin da aka jingina mata ba. Madogara ta gaskiya kan Ghana tana KNUSTSpace da UGSpace, wato rumbunan bincike na KNUST da Jami'ar Ghana a intanet, da African Journals Online, ma'aikatan ɗakin karatu na Prempeh II da ke KNUST kuma za su nuna maka mujallun da jami'a ta biya wa kuɗi.

Idan ka ga maganar wani a littafin wani, ba ka samu asalin ba, ka ambaci na farkon ka ce as cited in na biyun. Wanda ka karanta da idonka shi kaɗai ke shiga jeri.

Tambaya: Na yi hira da wani dattijo a fadar Sarkin Zango, wani limami kuma ya amsa mini ta WhatsApp. Na kuma kawo ayoyi. Ina zan sa su?

Amsa: Abin da mai karatu ba zai iya nemowa ba, APA ba ta sa shi a jerin ƙarshe. A cikin rubutu za ka sa harafin farko na sunansa da sunan mahaifi, sai personal communication, sai cikakken kwanan wata, bayan ka nemi izininsa. Idan kuwa suna cikin mutanen da ka tattara bayanan bincikenka daga bakinsu, wannan sakamakonka ne, ka ba su lamba ko sunan aro yadda takardar amincewa ta tanada. Alƙur'ani a bugu na bakwai yana shiga jeri kamar littafi, da sunan mai tarjama da shekarar bugun da ka yi amfani da shi, a cikin rubutu kuma lambar sura da aya ake bayarwa maimakon shafi.

Tambaya: Turnitin, manhajar da ake duba satar rubutu da ita, ta ba ni maki mai yawa alhali na ambaci kowa. Wani mai shago ya ce in kawo kuɗi ya duba mini kafin in miƙa.

Amsa: Lambar nan kamanceceniya take aunawa, ba ta yanke hukuncin sata. Manazartanka dole su yi kama da na wasu, tun da littafi ɗaya kuka karanta. Akwai wurin da ake cire jerin manazarta da maganganun da ke cikin alamar zance daga lissafi, ka roƙi malaminka ya kunna. Don ya yi aiki, kan jerin ya zama References a layinsa shi kaɗai, kuma duk maganar da ka ɗauko kalma da kalma ta shiga alamar zance da lambar shafi. Idan ta kai kalma 40, a ware ta a sakin layi nata, a tura ciki da rabin inci, babu alamar zance. Sauya kalmomi da manhaja ba ya ɗauke wajabcin ambato.

Mai shagon kuwa, ka yi hattara. Idan asusun da yake amfani da shi yana ajiye takardu a rumbun Turnitin, ranar da sashenku ya saka kundinka zai ci karo da kwafin kansa, ya fito kusan kashi 100. Cire shi sai mai kula da asusun da aka saka shi ya nema, kai kuwa ba ka ma san na wace makaranta ba ne. Ka tambayi sashenku ko ɗakin karatu hanyar gwaji ta hukuma.