Amsa ga ɗan'uwan da aka ce wa Starlet ɗin ƙirar 2003 ce

Malam, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don irin wannan rantsuwar ce ta cinye ni. Ka ce dillali ya rantse maka Starlet ɗin ƙirar 2003 ce, kana tambaya ko ka biya. Don Allah dakata. Babu Starlet ta 2003. Toyota ta daina ƙera ta tun 1999, Yaris ta gaje ta, wadda a Japan ake kira Vitz. Sai 2020 sunan ya dawo, ita kuwa wannan Suzuki Baleno ce da ake haɗawa a Indiya, aka manna mata tambarin Toyota.

Ni dillalina sahu ɗaya muke sallah da shi. Ya nuna min wata Starlet, ya ce shigowarta ke nan daga Kwatano, na sayar da gonar gado na ba shi. Sati uku ba su cika ba, na ɗauko Hajiyarmu za mu asibiti Zariya, lagireto ya fara tafasa, gaskit ya ƙone a tsakiyar daji da tsakar rana. Tsohuwa tana kwance a kujerar baya tana nishi, ina yi mata fifita da kwali, motoci suna ta wucewa. Da bakanike ya ɗaga kafet, sai ga kwalta ina gani ta ƙasan motar, tsatsa ta cinye ƙarfen an shafe da fenti. Na koma wajen mutumin, ko kallona bai yi ba, wai ai ciniki ya faɗa. Har gobe in na tuna ƙirjina zafi yake.

Amma wallahi ita ƙirar Starlet ba ta da laifi. Tun asali don mai ƙaramin ƙarfi aka yi ta. Uwarta Publica ce ta 1961, mai silinda biyu kacal, a jikinta Starlet ta fito a 1973. Da tayar baya take ja sai 1984 aka mayar gaba, aka sa injin 2E mai kafireta, wanda ko bakaniken ƙauye ya san cikinsa. Ba banza 'yan tasi a Nijar suka riƙe ta ba.

Tafi da bakanikenka, ba na dillali ba. Ku duba lambar bodi: mai farawa da EP8 ta 1989 zuwa 1995 ce, mai farawa da EP9 kuwa daga 1996. Ku leƙa ƙasanta da tocila, gishirin da ake zubawa a titunan Turai lokacin ƙanƙara shi ke ruɓar da su. Kuma kada ka sayar da gona saboda mota, ina roƙonka.