Tambaya da amsa: A ina zan samo takardar kotun da ta raba aurena a Amurka?

Tambaya

Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar Kano ce, ina zaune a Columbus ta jihar Ohio tun 2018. A 2009 aka ɗaura mana aure da tsohon mijina a wani masallaci a Bronx, muka kuma je ofishin magatakardan birnin New York aka yi mana na gwamnati. A 2015 zama ya ƙi daɗi, ya rubuta mini saki a takarda, ya tattara nasa ya nasa ya koma Houston. Bayan kamar shekara guda ya aiko wa yayana saƙo cewa ya gama komai a kotu. Ni dai ko falle ɗaya ban gani ba, yanzu kuma lambarsa ba ta shiga. Allah ya kawo mai neman aurena a gida, ina so in an ɗaura in cika masa takardun zuwa nan, sai aka ce dole in kawo shaidar kotu cewa auren farko ya mutu. Ta ina zan fara?

Amsa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah ya sanya alheri a wannan nema. Na ji daɗi da kika yi tambayar kafin a sa rana, domin yawancin masu zuwar mini da irin wannan matsala sai bayan an ci goron ɗaurin aure suke zuwa, a lokacin kuwa gyaran ya fi wuya.

Takardar sakin da ya rubuta miki ta warware igiyar da aka ƙulla a masallaci, kin yi iddarki, wannan tsakaninku da Allah ya wuce. Amma auren da aka rubuta a ofishin gwamnati yana nan daram a idon doka har sai alƙalin wata jiha ya sa hannu ya raba shi. Sakin da aka yi a cikin Amurka, da baki ne ko a rubuce, ko a gaban limami ne, ba ya kashe auren gwamnati. Hukumar shige da fice ta USCIS kuma, in kika cika fom I-130 don kawo miji, za ta nemi shaidar cewa duk wani aure da ɗayanku ya taɓa yi ya ƙare bisa doka. In babu wannan, a wurinsu sabon auren bai ɗauru ba, ko da a Kano aka ɗaura shi. Saboda haka kada a sa rana sai takardar ta shigo hannunki kin karanta ta da idonki.

To a ina take? Amurka ba ta da rumbu guda na ƙasa baki ɗaya da ake tara bayanan rabuwar aure. Aure da saki hurumin jihohi ne, kowace jiha kuma ta kasu zuwa gundumomi, waɗanda suke kira kawunti, sama da 3,000 a faɗin ƙasar. Fayil ɗin shari'a yana zaune ne a ofishin magatakardan kotun gundumar da aka shigar da ƙarar, ba inda aka ɗaura auren ba, ba kuma inda kike zaune yau ba. Kada ki ɓata lokaci a shafin PACER, wannan na kotunan tarayya ne, su kuwa ba sa sauraron shari'ar saki. Duk aikinki ya rataya ne a kan gano gunduma ɗaya tak. In kin gano ta, sauran aikin wasiƙa ne da 'yan daloli.

A labarinki wurare biyu nake zargi, Texas da New York.

Mu fara da Texas, don can ta fi kama. Dokar jihar ta ce kafin mutum ya shigar da ƙarar raba aure sai ya yi wata 6 a jihar da kwana 90 a gundumar, kuma alƙali ba ya yanke hukunci sai an cika kwana 60 da shigar da ƙarar. In ya koma a 2015 ya ce ya gama a 2016, lissafin ya zauna. Mafi yawan birnin Houston yana cikin gundumar Harris, amma bakin garin ya shiga Fort Bend da Montgomery, kuma 'yan Najeriya da yawa suna zaune ta ɓangaren Fort Bend ɗin. Don haka in ba ki samu a Harris ba, kada ki karaya. Ofishin da ke riƙe da waɗannan fayiloli a can sunansa District Clerk. Ki shiga shafinsu na intanet, ki nemi wurin binciken shari'o'i, ki sa sunansa, sannan ki sa naki. A Texas shari'ar saki ba sirri ba ce sai in alƙali ya ba da umarnin a rufe fayil ɗin, don haka za ki ga lambar shari'a, da ranar da aka shigar, da matsayin da take ciki. Akwai kuma sashen rajistar haihuwa da mutuwa na ma'aikatar lafiyar jihar da ke Austin, wanda ke tattara jerin sunayen waɗanda aka raba aurensu a duk jihar tun daga 1968. Suna ba da wasiƙar tabbatarwa mai nuna ko akwai sunanku da gundumar da aka yi. Wannan wasiƙa manuniya ce kawai, ba ta tsaya a madadin hukuncin kotu.

A nan sai kin yi haƙuri da sunayenmu, don sau da yawa su ne ke ɓatar da bincike. Kwamfutar kotu abin da aka shigar mata kawai ta sani. Ki gwada Muhammad da Mohammed da Mohamed, ki gwada Aisha da Aishatu da Aishat, Abdullahi da Abdullah. Ki gwada sunan mahaifinki a matsayin sunan iyali, ki kuma gwada nasa. Ki juya su, sunan yanka a gurbin sunan iyali, domin ma'aikacin da bai san sunayenmu ba yakan yi musanyar. Wata baiwar Allah ta taɓa zama kusa da ni muna bincike har muka kusa fid da rai, ashe an rubuta sunan garinsu da ke fasfonta a matsayin sunan iyali. Da muka sa shi, sai ga shari'ar ta fito a layin farko. Ki ajiye takardar aurenku ta 2009 a gabanki, yadda aka rubuta sunayenku a cikinta shi ne abin da ya fi yiwuwa lauya ya kwafa.

New York kuma lamarinta daban ne, kuma tana cikin lissafi, domin a can aka yi auren, kuma in a 2016 kina zaune a can, yana iya shigar da ƙara a jihar ko da shi ya bar ta. A New York kotun da ke raba aure ita ce wadda suke kira Supreme Court. Sunan na ruɗar mutane, amma kotun matakin farko ce, akwai ta a kowace gunduma. Kotun iyali ta jihar tana duba riƙon yara da kuɗin ciyarwa, ba ta raba aure. Fayil ɗin yana hannun County Clerk. Birnin New York shi kaɗai gunduma biyar ne: Bronx, da Kings wato Brooklyn, da New York wato Manhattan, da Queens, da Richmond wato Staten Island. Ofishin Bronx yana lamba 851 Grand Concourse, na Manhattan yana 60 Centre Street. Kada ki tsaya a Bronx kaɗai don kun zauna a can. A shekarun da kike magana doka ta bar mai ƙara ya zaɓi gundumar da ya ga dama a jihar, kuma lauyoyi da yawa sukan kai sakin da babu jayayya a cikinsa Manhattan. Hanya mafi sauƙi ita ce ki nemi takardar shaidar rabuwar aure daga ma'aikatar lafiya ta jihar da ke Albany, wadda ke riƙe da na duk jihar tun 1 ga Janairun 1963. In akwai, za ta nuna miki gundumar da ranar.

Abin da ya bambanta New York shi ne sirri. Sashe na 235 na dokar zamantakewar iyali ta jihar ya rufe fayil ɗin saki har shekara 100, ba mai ganinsa sai ma'auratan biyu da lauyoyinsu, ko wanda kotu ta ba izini. Ke kina da cikakken haƙƙi, tunda da ke aka yi shari'ar. Amma in kika aiki yayanki hannu rabbana za a juyo da shi daga kanta. Ko dai ki je da kanki da katin shaida mai hoto, ko ki rubuta wasiƙa ki sa hannu a gaban notari, wato jami'in da ke shaida sa hannu, wanda za ki samu a yawancin bankuna. Ni dai wannan tsari ya kwanta mini a rai. Abin da ake faɗi a shari'ar aure tonon asiri ne, bai kamata maƙwabci ya zauna da wayarsa yana karantawa ba.

In kin gano gundumar, ki san abin da za ki tambaya, don takardun iri biyu ne. Akwai gajeriyar shaida mai shafi ɗaya da ke cewa wane da wance sun rabu rana kaza. Akwai kuma ainihin hukuncin da alƙali ya sa wa hannu, wanda a Texas ake kira Final Decree of Divorce, a New York kuma Judgment of Divorce. Wannan na biyun shi nake so ki nema, dukkan shafukansa, kuma kwafi mai hatimin kotu, irin wanda a gida lauyoyi ke kira CTC. Kwafin da kika buga daga intanet ba shi da wannan daraja. Mai hatimi za ki ga sa hannun magatakarda a shafin ƙarshe, a wasu kotunan in kika shafa da yatsa za ki ji tambarin ya ɗago takardar, wasu kuma yanzu lambar tantancewa suke bugawa a jiki. Ki karɓi biyu ko uku lokaci guda, kada ki cire ƙusar da aka haɗa shafukan da ita, kada kuma ki sa a liƙe miki shi da roba. A wasiƙarki ki rubuta cikakken sunanku ku biyu, lambar shari'a, shekarar hukunci da adireshinki, ki haɗa da ambulan mai kan sarki ɗauke da adireshinki. Ki buga musu waya tukuna ki ji nawa ne da yadda suke karɓar kuɗi, don ofisoshi da yawa ba sa karɓar cekin mutum, sai takardar kuɗi ta gidan waya. Yawanci ana biyan kuɗin kowane shafi ne da ɗan ƙari na hatimi.

Ina roƙonki ki guji shafukan 'yan kasuwa da ke fitowa a saman Google suna cewa ki biya su binciko miki tarihin mutum. Abin da suke sayarwa tsintar bayanai ne, wani ya tsufa, wani na mai suna irin naku ne, kuma ba hukumar da za ta karɓa. Shafin kotu na gaskiya za ki ga sunan gundumar da adireshin ginin kotun da lambar wayar ofis.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a labarinki. Kin ce ko falle ɗaya ba ki gani ba. Doka ta wajabta a kai wa wanda ake ƙara sammaci. In ba a same shi ba, kotu kan yarda a buga sanarwa, sannan ta yanke hukunci a bayan idonsa. To in har ya shigar da ƙara, ɗayan uku ne ya faru. Ko dai an bi wannan hanya an raba auren ba ki sani ba, ko wani ya yi rantsuwa cewa ya miƙa miki sammaci alhali bai miƙa ba, ko kuwa an shigar da ƙarar ba a kai ta ƙarshe ba. Na ukun nan na sha ganinsa. Mutum ya biya kuɗin buɗe fayil, aka ba shi lamba, ya ɗauka ya gama, bai sake komawa ba, bayan watanni kotu ta kori ƙarar saboda rashin bibiya. Wani bawan Allah ya zo mini da irin wannan takarda a ninke cikin fasfonsa, shekara shida yana yawo da ita yana cewa shaidar sakinsa ce. Da na buɗe, takardar shigar da ƙara ce, gurbin sa hannun alƙali fari fat. Saboda haka ganin sunanku a kwamfuta bai isa ba, ki duba ko an yanke hukunci ko an kori ƙarar.

In hukuncin ya zo, ki zauna ki karanta shi shafi bayan shafi. A ciki ake rubuta rabon dukiya da bashi, da riƙon yara in akwai, da ko an mayar miki da sunanki na gida. Ki nemi kwafin takardar rantsuwar kai sammaci ma. In kin ga an rubuta abin da bai faru ba, ki kai wa lauyan harkar iyali ba tare da jinkiri ba, don neman a soke hukunci yana da wa'adi, kuma ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Ki kuma lura da ranar da takardar kotun ta nuna auren ya ƙare a hukumance, ita ce ranar da za ki rubuta a fom I-130, ba ranar da ya ba ki takardar saki ba.

In kuma kin duba Texas da New York babu komai, sai ki ɗauka auren gwamnati yana nan, ki kashe shi da kanki. Ba kya buƙatar izininsa, ba kuma sai kin same shi ba. Ohio tana neman zaman wata 6 a jihar da kwana 90 a gunduma, ke kuwa kin wuce haka nesa ba kusa ba. Za ki shigar da ƙara a sashen shari'ar iyali na kotun gundumar Franklin, nan Columbus. In an nemi inda yake an rasa, kotu na da hanyar sanarwa da take bi ta ci gaba da shari'a. Ofishin taimakon shari'a kyauta na garinku yana duba irin wannan ga masu ƙaramin ƙarfi.

Game da kai takardar gida: don ɗaurin aure a gaban waliyyai ba wanda zai tambaye ki ita. Amma in wata hukuma a Najeriya ta nema, hatimin kotun gunduma kaɗai ba lallai ya wadatar ba. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta 1961 da ta sauƙaƙa tantance takardu tsakanin ƙasashe, don haka takardar kan bi ta ofishin sakataren jihar da ta fito, sannan ma'aikatar harkokin wajen Amurka, sannan ofishin jakadancin Najeriya a Washington ko ƙananan ofisoshinsa na New York da Atlanta. Wannan zagaye yana cin makonni, shi ya sa na ce ki karɓi kwafi fiye da ɗaya: ɗaya ya tafi wannan hanya, ɗaya ki ajiye don ranar ganawa da jami'an shige da fice.