Kajin firiza a Jidda: wa ke duba su?

Tambaya: Anti, ina unguwar Karantina, na sayo kaza a bagala (karamin kantin unguwa) na bude leda sai wari, ruwa ja-ja kwance a kasa. Wai gwamnati na duba kajin nan kuwa?

Amsa: Diyata ana dubawa. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya, SFDA, ita ke sa ido kan masana'antun kaji da wadanda ake shigowa da su daga Barazil, sai mayanka ta samu amincewarta kafin kayanta su shigo. Shaguna kuma aikin Baladiyya ne, wato hukumar gari. Matsalar yawanci a bagala take, wani ya kashe firiza da dare wai tsimin lantarki, kaza ta narke ta sake daskarewa, shi ne jan ruwan da kika gani. Kar ki dafa, dauki hoto ki kira 940, lambar kai korafi ta Baladiyya.