Me Bulus yake nufi da riƙon gida a 1 Timoti 5:14?

Tambaya: Malam, a taron Zumuntar Mata muka karanta 1 Timoti 5:14, inda Bulus ya ce gwauraye masu ƙuruciya su yi aure, su haihu, su kula da gida. Sai gardama ta tashi. Wasu suka ce girki da shara ake nufi, wasu suka ce maganar ta fi haka. Me kalmar take cewa a Helenanci? Daga wata 'yar'uwa a Kafanchan.

Amsa: 'Yar'uwa, waɗanda suka ce maganar ta fi haka su ne da gaskiya. Kalmar ita ce oikodespotein, kuma a wannan ayar kaɗai ta fito a duk Sabon Alkawari. Kalmomi biyu aka haɗa: oikos, wato gida da mutanen cikinsa, da despotes, wato mai iko. Wannan ta biyun tana da nauyi ƙwarai. Da ita Bulus ya kira iyayengijin bayi a 1 Timoti 6:1, da ita kuma tsohon nan da ya rungumi jariri Yesu a Haikali ya kira Allah kansa a Luka 2:29.

Sunan da ke tafiya da aikatau ɗin, oikodespotes, ya zo sau 12, duk a Matiyu da Markus da Luka, kuma ko'ina maigida ake nufi. Shi ne ya fita da sassafe ya ɗauki 'yan ƙodago zuwa gonar inabi, ya kuma yanka musu lada (Matiyu 20:1-2). Shi ne ke tashi ya kulle ƙofa (Luka 13:25). To, aikin wannan mutumin ne Bulus ya ɗora wa mace. A wurinmu uwargida ce ta fi kusa da ma'anar, mai riƙe da mabuɗi, wadda ba a awo sai da saninta.

Ki tuna kuma yadda gida yake a Afisa, inda Timoti yake hidima a ƙarni na farko. Gidan mai ɗan hali ya ƙunshi yara, dangi, bayi da baƙi, kuma a cikinsa ake kaɗi da saƙa, ake ajiyar hatsi da mai. Mai riƙe da irin wannan gida tana raba aiki, tana lissafi, tana yanke shawara. Lidiya mai cinikin tufafin shunayya a Filibi misali ce: an yi mata baftisma tare da mutanen gidanta, ita kuma ta matsa wa su Bulus su sauka a wurinta (Ayyukan Manzanni 16:15).

Dalilin umarnin yana nan a ayoyin da suka gabace shi. Ikkilisiya tana ɗaukar nauyin gwauraye daga shekara 60 zuwa sama, sai ga wasu ƙanana sun koyi zaman banza, suna yawo gida gida da tsegumi. Maganin da Bulus ya kawo shi ne a ba su gida nasu da za su shugabanta, don kada magabci ya sami abin zargi.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake jan ayar ta wurare biyu. Wani yana kafa hujja da ita cewa mace ba ta da ta cewa sai murhu, alhali kalmar iko take bayarwa. Wata kuma tana cewa ai an sauke namiji ke nan, alhali a wannan wasiƙar dai, 3:4, an ce mai kula da ikkilisiya sai ya iya sarrafa gidansa, da wata kalma dabam, proistemi, wato tsayawa a gaba. Bulus bai ga karo tsakanin biyun ba. Idan za ku koma kan ayar a taro na gaba, ku haɗa ta da Karin Magana 31:16, inda macen kirki ta duba gona ta saya.