Queensrÿche: wane faifai zan saya, kuma muryar wa ce a ciki?

Tambaya daga wani ɗalibi a Zariya: Malam, barka da aiki. Yayana zai dawo daga Ingila, ya ce in zaɓi faifan CD biyu ya taho mini da su. Na ji waƙar Silent Lucidity ta ƙungiyar Queensrÿche a YouTube, ta kwanta mini a rai. Waɗanne zan ce ya sayo?

Ƙanena, ka yi hattara da waƙar nan, domin ta ja mutane da yawa sun yi sayen kura da fatar akuya. Waƙa ce mai sanyi, da goge da jita marar hayaniya, kuma ita ce ta kai su sahun goma na farko a jadawalin Billboard na Amurka a 1991. Amma Queensrÿche 'yan metal ne, irin wanda ake kira progressive, wato kiɗa mai nauyi da ake ta sauya masa taku da salo a cikin waƙa guda. Yawancin aikinsu ya fi wannan zafi nesa ba kusa ba.

Ka ce ya sayo maka Empire na 1990, nan waƙar taka take, kuma shi ne faifansu da ya fi kasuwa, ya haura kwafi miliyan 3 a Amurka. Na biyu kuwa babu ja-in-ja: Operation: Mindcrime na 1988.

Wannan na biyun labari ne guda daga farko har ƙarshe, kusan awa ɗaya. Yana buɗewa a asibiti: ana kiran likita ta lasifika, ka ji takun ma'aikaciyar jinya, ta shigo ta yi wa majinyaci allura, ta fita tana zaginsa ƙasa-ƙasa. Sai majinyacin, wani ɗan ƙwaya mai suna Nikki, ya fara tuno yadda wani Dr. X ya mai da shi ɗan ina-da-kisa da sunan juyin juya hali. Daga nan jita biyu su ɓarke. Kada ka saurare shi a gutsure kana cikin Keke Napep. Ka bari dare ya yi, ka sa iyafis, ka bi shi a jere da rubutun waƙoƙin a hannu. Akwai kisa da shaye-shaye da maganar karuwanci a labarin, don haka ba na kunnawa a falo gaban su Hajiya ba ne.

Kada sunan ya ruɗi yayanka ya ɗauko Operation: Mindcrime II na 2006. Ban da wurin da mawaƙin metal Ronnie James Dio ya hau muryar Dr. X, ni dai ban samu abin komawa a cikinsa ba.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Maraɗi: Na yi odar faifansu na 2013 don in ji sabon mawaƙinsu. Da ya iso, sai na ji tsohuwar muryar, kuma bangon hoton dunƙulallen hannu ne da zobba. An yi mini algus ne?

Alhaji, ba a cuce ka ba, rikicin gidansu ne ya faɗo a kanka. A watan Afrilun 2012 an yi hatsaniya a bayan dandamali a São Paulo ta Brazil tsakanin mawaƙinsu Geoff Tate da sauran, kuma a watan Yuni suka sallame shi, suka ɗauko Todd La Torre daga ƙungiyar Crimson Glory. Magana ta je kotu, alƙali ya bar kowane ɓangare ya ci gaba da amfani da sunan kafin a yanke hukunci. Shi ya sa a 2013 aka fitar da faifai biyu, kowanne da sunan Queensrÿche a goshi. Mai dunƙulallen hannu shi ne Frequency Unknown, na ɓangaren Tate. Wanda kake nema ba shi da wani suna sai na ƙungiyar, kamfanin Century Media ne ya buga shi. A 2014 suka sasanta, suna ya zauna wurin su Michael Wilton da Eddie Jackson, makaɗan da suka ɗauko La Torre.

In mai sayarwa zai karɓa, ka mayar. In kuma kuɗin aikawa zai fi kuɗin faifan, ka ajiye shi kayan tarihi. Amma da za ka ji tawa, in za ka sake oda ka tsallake na 2013 ɗin, gajere ne, minti talatin da 'yan kai. Condition Hüman na 2015 ya fi shi nama.

Tambaya daga wata malamar makaranta a Kaduna: Ni da maigidana kullum musu muke. Shi ya ce tun da Tate ya tafi ƙungiya ta mutu. Ni kuma ina jin daɗin La Torre. Wa ya fi gaskiya, kuma faifan zamanin wa ya cancanci kuɗinmu?

Malama, ki gai da maigida, ki ce masa ya yi daidai a rabi. Tate na shekarun 1980 ba shi da na biyu a wannan fage. Murya ce da aka horar, tana hawa sama ba ta fashewa, ta sauko ƙasa ta yi kauri, kuma yana rera waƙa kamar ɗan wasan kwaikwayo. La Torre yana kai wa waɗannan muryoyi na sama, da ƙarfinsa, kuma makaɗin ganga ne ma: shi ya buga gangunan The Verdict na 2019 gaba ɗaya. Sai dai a wasu wuraren kina jin inuwar Tate a bakinsa.

Inda na rabu da maigida shi ne ranar da ya sa wa mutuwar. Abin da ya karya ƙungiyar ya faru shekara goma sha biyar kafin korar Tate, lokacin da Chris DeGarmo ya ajiye jita bayan Hear in the Now Frontier na 1997, ya koma tuƙin jirgin sama. Shi ne ya rubuta Silent Lucidity, kuma hannunsa na cikin akasarin waƙoƙin da ake tuna su da su. Bayan tafiyarsa Tate yana nan daram, amma ki sa wa maigida Dedicated to Chaos na 2011 ki ga ko zai kai ƙarshensa. Murya ɗaya ce, waƙoƙin ne babu.

Don haka kafin ku fitar da kuɗi, ku juya bangon faifan ku duba sunayen marubuta waƙa. Daga The Warning na 1984 zuwa Promised Land na 1994 ku saya ido rufe, musamman Rage for Order na 1986 da mutane ke yawan tsallakewa. Na tsakanin 1999 da 2011 ku fara ɗanɗanawa a Spotify, data kawai za ta ci. A na La Torre, ki ɗauki Condition Hüman, in ya zauna miki ki ƙara da Digital Noise Alliance na 2022.