Zauren Masu Faifai: Amsoshin tambayoyinku kan faifan Pink Floyd na 1973

Tambayoyin wannan fitowa sun taru ne a kan faifai guda, The Dark Side of the Moon na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, wanda aka naɗa a ɗakin Abbey Road da ke Landan, ya shiga kasuwa a watan Maris na 1973.

Tambaya daga wani mai karatu a Kaduna: Assalamu alaikum. Wani dillali ya nuna mini wannan faifai, ya ce bugun farko ne na Ingila, ya kuma tsuga masa kuɗi. Ta yaya zan gane ko gaskiya ya faɗa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Kada bango ya ruɗe ka. Baƙin bangon nan mai zanen gilashi da bakan gizo kusan iri ɗaya ne a ɗaruruwan bugu da aka yi a ƙasashe daban-daban, kuma ba wuya a ɗauki sabon faifai a zura shi cikin tsohon bango. Zaro faifan ka duba shi kansa.

Fara da takardar da ke manne a tsakiya. Bugun Ingila na kamfanin Harvest ne, lambarsa SHVL 804. A bugun farko, zanen mai kusurwa uku da ke kan takardar cike yake da shuɗi. A waɗanda suka biyo baya, layin gefensa kawai aka zana da shuɗi, cikinsa baƙi. Idan ka ga SMAS-11163, na Amurka ne, an gama magana. Daga nan sai ka karkata faifan a gaban fitila, ka duba santsin wurin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar. Akwai lambobi da aka buga a jikin robar. Bugun farko yana ƙarewa da A-2 a fuska ta ɗaya, B-2 a ta biyu. Duk yadda lambar ta ƙaru, yankan baya ne. Cikakken kwafi kuma yana zuwa da manyan hotuna biyu na liƙawa a bango da sitika biyu, rashinsu yana karya farashi.

Amma in don saurare kake saye, shawararmu ita ce ka ƙyale zancen bugun farko. Wannan faifai yana farawa ne da bugun zuciya da ke tasowa a hankali daga cikin shiru, kuma akwai wurare da yawa da kiɗan ke lafawa. Faifan da ya sha karce zai cika waɗannan wurare da ƙaras-ƙaras, ko da shi ne na farkon da ya fito daga inji. Bugun baya mai tsafta ya fi shi daɗin ji nesa ba kusa ba, a kuɗi kaɗan.

Kafin ka biya, nemi a sa maka waƙar ƙarshe ta fuska ta ɗaya, inda mawaƙiya Clare Torry ke ɗaga murya. Ita ce mafi kusa da tsakiya, inda layukan faifai suka fi matsewa, kuma nan ne tsohuwar allura ke fara ɓarna. Idan muryar tana tsagewa duk lokacin da ta hau sama, an cinye layukan, wanki ba zai dawo da su ba. Masu sayarwa a intanet suna rubuta NM ga wanda ya kusa sabo, VG+ ga mai 'yan alamu da ba su cika jiyuwa ba. Abin da ya gaza VG+, ga wannan faifai, bar shi.

Tambaya daga Damagaram: An aiko mini da na'urar juya faifai daga Amurka. Na haɗa ta da taransifoma, tana aiki, amma muryoyin sun yi kauri, kiɗan yana jan ƙafa. Kuma sautin ba ƙarfi.

Amsa: Matsala biyu ce, Malam. Taransifoma tana rage ƙarfin wuta ne kawai zuwa abin da na'urar Amurka ke buƙata, ba ta canza saurin kaɗawar wutar. Wutar Amurka tana kaɗawa sau 60 a daƙiƙa, ta Nijar da Najeriya sau 50. Injin da yawancin tsofaffin na'urori masu bel ke da shi da wannan kaɗawa yake auna gudunsa, don haka maimakon juyi 33 da sulusi a minti, sai ya ba ka kusan 28. Gwada da kanka: manna 'yar takarda a gefen farantin, ka ƙirga. A minti uku cif ya kamata ta zagayo sau 100. Idan ka samu wajen 83, wannan ce cutar, maganinta kuwa a canza ƙaramin gargaren da ke kan injin, wanda bel ke zagaye shi, da wanda aka yi don wuta mai 50. Idan ka samu 96 ko 97, bel ɗin ne ya saki, sai sabo. Na'urori irin su Technics SL-1200MK2 da kansu suke daidaita gudunsu, wannan bai dame su ba. Ƙaramin janareta ma yana sa kiɗa ya riƙa lilo a na'ura irin taka, domin gudunsa ba ya tsayawa wuri ɗaya.

Rashin ƙarfin sauti kuwa, duba inda ka soka wayar. Abin da ke fitowa daga allura ɗan mitsitsi ne, kuma da gangan ake rage kaurin sauti lokacin yanka faifai don ya samu wuri. Ramin da aka rubuta PHONO a bayan amfilifaya shi ke ƙara ƙarfin ya maido da kaurin. In babu shi, sai ka sayi ƙaramin akwatin da ke wannan aiki. Siririyar wayar nan ta uku kuma a ɗaure ta a kusar da aka rubuta GND, in ba haka ba za ka yi ta jin gunji.

Tambaya daga wata mai karatu a Kano: Nawa sabo ne fil, amma tun shigowar hunturu yake ta fas-fas.

Amsa: Hajiya, faifanki lafiyarsa ƙalau. Busasshiyar iska tana sa roba ta ɗauki irin lantarkin nan da ke sa mayafi ya manne a jiki, shi ke jawo ƙura cikin layuka. Kafin kowane saurare, ki sa burushin faifai mai gashin kabon a kai yana juyawa, zagaye biyu ko uku, ki janye shi zuwa gefe. Idan ya kai ga wanki, ki haɗa kashi uku na ruwan da aka tace ta hanyar tururi da kashi ɗaya na sinadarin isofurofil, da ɗigo ɗaya na sabulun wanke-wanke a rabin lita. Ruwan rijiya ko na famfo yana barin kanwa a cikin layuka. Ki goga da tattausan ƙyalle kina bin zagayen layukan, kada ki ratsa su, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ki ɗauraye da tataccen ruwan zalla, ki jingine shi rabin awa ya bushe, sannan ki mayar da shi cikin riga mai shafin leda, domin ta takarda zalla tana zubar da gari. Allurar ma a share ta da ɗan burushinta, daga baya zuwa gaba kawai.

Tambaya daga Zariya: Akwai garmahon kakanmu da ake murɗawa da hannu. Zan iya sa faifan a kai?

Amsa: Ko kusa. Garmaho yana juyi 78 a minti, allurarsa ta ƙarfe ce, nauyin kansa ya haura giram 100. Faifan roba giram biyu ko kusa da haka yake ɗauka. Kan allura irin AT-VM95E, misali, giram 2 ake sa masa. Saurare ɗaya a garmaho ya isa ya kashe shi. Haka nan ɗabi'ar ɗora kwabo a kan allura don ta daina tsalle, ɓarna ce a hankali. Tsofaffin faya-fayan kakan naku kuma kada a kusance su da haɗin wankin da muka faɗa a sama, sinadarin yana narkar da su.

Tambaya daga Maiduguri: Nawa ya lanƙwashe bayan ya wuni a mota. An ce in matse shi tsakanin gilashi biyu in shanya a rana.

Amsa: Ranar Maiduguri za ta miƙar da shi ta kuma narkar da layukan tare. Idan lanƙwasar kaɗan ce kuma allura ba ta tsalle, saurare shi a haka. Idan tana tsalle, sa shi cikin rigarsa tsakanin katako biyu masu santsi, ka ɗora littattafai masu nauyi, ka bar shi a ɗaki mai inuwa na wasu makonni. Wani lokaci yana sauƙi, sau da yawa ba ya yi. Sauran faya-fayanka ka jera su a tsaye, ba kwance wani kan wani ba, nesa da taga da bangon da rana ke duka da yamma. Ka cire su daga ledar nan mai kauri da sheƙi mai warin sabuwar roba, domin a cikin zafi tana barin wani hazo a fuskar faifai da ba ya wankuwa.